Kwana Goma Bayan Allura

Shekara bakwai ina zaune a ɗakin nan, kuma maganar da na fi maimaitawa a rayuwata ba ta wuce ɗaya ba: kwana goma.

Duk wanda zai fita ƙasar waje ta gabana yake bi. In tambaye shi ko cin ƙwai yana tayar masa da ƙaiƙayi, in mace ce in tambaye ta ko tana da ciki, in goge damtse da auduga, in soka allurar rigakafin ciwon shawara. Sannan in jawo katin nan mai ruwan ɗorawa in rubuta kwanan wata da lambar kwalba, in buga hatimi, in gaya masa katin ba ya aiki sai bayan kwana goma, don sai a lokacin maganin yake kama jiki.

Wasu su yi godiya su tafi. Wasu su tsaya magiya, wai jirginsu jibi ne, in taimaka in mayar da kwanan watan baya. Akwai masu zagi ma. Ni dai na saba, sai in nuna musu ƙofa in ce na gaba ya shigo.

Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana na gaban zai zama Injiniya ba.

Ba wani injiniyan gaske ba ne, mai gyaran firji ne. Ni na laƙaba masa sunan ranar da ya fara zuwa duba firjin da muke ajiye magani, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa yana yi wa injin magana kamar mai lallashin yaro. Shi kuma ya rama, ya ce ai ni Likitarsa ce. Shekara huɗu ke nan. Shekara huɗu yana zuwa ƙofar gidanmu yana durƙusawa, Baba yana amsa gaisuwarsa da ka kawai.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum ne da ya yi imani da albashin ƙarshen wata. Ya sha faɗa cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda ofishinsa jaka ce a kafaɗa ba. Shi wanda yake so daban ne, ɗan amininsa, mai kamfanin shirya tafiye-tafiye, wanda kowa yake kira Ejan. Shi ya yi wa Baba da Mama takardu shekara biyu da suka wuce, lokacin da suka je ganin Yayanmu a ƙasar da yake aiki. Tun daga ranar Baba ba ya ji ba ya gani, yaron kirki, yaron albarka.

A farkon watan nan Baba ya kira ni falo ya yanke magana. Ya ce ba zai yi min dole ba, ni ba yarinya ba ce, amma ya gaji da jira, ƙanwata ma manemanta suna jiran a gama da ni. Juma'ar ƙarshen wata bayan la'asar mutanen Ejan za su zo jin amsa. In kafin nan mai firji ya kawo takardar aiki mai albashi, shi ke nan. In bai kawo ba, to in daina wahalar da kowa.

Ban yi kuka ba a ranar. Gajiyar da na yi ta fi ƙarfin kuka.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu, na gama da mutum na arba'in da uku ina haɗa kwalabe. Abokiyar aikina, Maman 'Yan Biyu, ta riga ta fita ɗauko yaranta daga makaranta. Sai ga Injiniya ya turo ƙofa, babu jakar kayan aiki, ya sha guga, yana wani murmushi da na daɗe ban gani a fuskarsa ba.

Ya jera min abubuwa huɗu a kan tebur: wasiƙa, fasfo, tikiti, da kati.

Wasiƙar daga wani kamfanin adana kifi ce a wata ƙasa, can bakin wani kogi cikin daji. Sun ɗauke shi ya kula da ɗakunan sanyinsu, albashi duk wata, ga ɗaki, ga hutu bayan wata shida. Jirginsa ranar Alhamis ƙarfe huɗu. Ya ce gobe zai kai wa Baba wasiƙar, in ya dawo hutu a ɗaura aure.

Wallahi na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na karanta wasiƙar sau biyu, ina dariya ina share ido. Na ce ashe mugu ne shi, wata biyu yana wannan fafutuka bai gaya min ba. Ya ce sau biyu a baya yana kawo min albishir aikin ya rushe, sau biyun kuma ya ga yadda na yi kwanaki ba na cin abinci. Ya rantse wannan karon sai komai ya kammala zan ji.

Da ma a nan na tsaya. Amma hannu ya saba, na miƙa na buɗe katin.

An rubuta an yi masa allura sati biyar da suka wuce, a nan ɗakin, a kan kujerar da yake zaune. Lambar kwalbar da aka sa na san ta kamar lambar wayata, maganinta ya ƙare mana tun shekara biyu. Sa hannun kuwa an kwaikwayi na tsohuwar shugabarmu ne, wadda ta yi ritaya bara.

"Wa ya yi maka allurar nan?"

Ya sosa ƙeya ya kalli fanka.

"Injiniya, tambayarka nake."

Sai ya fara kame-kame. Wai wurin Ejan ya je yankar tikiti, don babu wanda ya kai shi sauri a harkar. Wai mutumin ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce shi ba ya haɗa neman aure da sana'a, har ya ce kada ya wahalar da kansa da layin asibiti, kowa haka yake yi. Shi kuma ya ga in ya zo nan asirinsa zai tonu kafin lokaci. Ga shi kuma na san halinsa da allura, ƙato da shi amma ko ganin sirinji ba ya so.

Na tashi na ciro sanarwar da aka liƙa mana a bango sati uku da suka wuce, na ajiye masa a gaba. Sunan yankin da za shi ne na biyu a jerin wuraren da shawara ta ɓarke.

Ya karanta, sannan ya ce to ai abin da sauƙi. In yi masa allurar yanzu, ta gaskiya, in ba shi sabon kati, in dai rubuta kwanan watan sati biyu baya. Ya ce ga magani a jiki, ga takarda a hannu, wa aka cuta?

"Kai aka cuta," na ce. "Daga yau zuwa Alhamis kwana uku ne. Za ka sauka a dajin nan jikinka bai san an yi masa komai ba. Sauro ba ya karanta kati."

Na ce ya kira su ya nemi a ɗaga masa sati ɗaya. Ya ce ya riga ya gwada tun farko saboda jikin mahaifiyarsa, suka ƙi. Jirgin ruwan kamfanin sau ɗaya yake kwasar sababbin ma'aikata a wata uku, safiyar Juma'a yake tashi, wanda bai iso ba a ba na bayansa. Mutum goma sha ɗaya ne a bayansa.

Sai na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba a gidanmu. Lokacin ina ɗaliba aka kawo wani direban babbar mota, ya dawo daga irin wannan tafiya. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, yana aman wani abu baƙi ƙirin, jini yana fita ta hanci da dasashi. Kwana biyar ya yi. Abin da ya tsaya min ba shi ba ne, matarsa ce. Duk wanda ya gifta da farin kaya sai ta tare shi ta buɗe masa katin mijin, ta ce ku duba fa, yana da kati, an buga masa hatimi. Har aka rufe shi da zane katin yana hannunta.

Ina magana hawaye suna zuba, ban ma damu in share ba.

Ya sauko daga kujera ya tsuguna gefen teburina. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Likitata, shekara huɗu ban taɓa roƙon ki komai ba. Na jure kallon da Baba yake min, na jure habaicin Goggonki, na jure ganin motar mutumin nan a ƙofar gidanku. Yau ga ƙofa ta buɗe, abin da ya rage lamba biyu ce da biro. Zan kwana cikin gidan sauro, zan sa doguwar riga, ba zan fita da yamma ba. Ki taimake mu."

"Direban nan ma na tabbata haka ya gaya wa matarsa."

"To in na zauna fa? Juma'a su zo, Baba ya ba su. Kin yarda da wannan?"

"Ban yarda ba."

"To me kike so in yi?"

"Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Na dai san gara in gan ka a titi kana wucewa da jakarka ba ka kula ni ba, da in tsaya a filin jirgi ina jiran akwati."

Daga baya ya miƙe, ya koma kujera, ya naɗe hannun riga. Na buɗe firjin da shi ya gyara, na ɗauko kwalba. Ya juya fuskarsa bango ya runtse ido. Na goge damtsen, na soka masa allurar.

Na jawo sabon kati. Na rubuta lambar kwalba, na sa hannu, na buga hatimi. Gidan kwanan wata na bari a ƙarshe, yana tsaye a kaina ina jin numfashinsa. Na san duk abin da zan rubuta zai karɓa. Na san babu mai dubawa, rajistar a hannuna take.

Na rubuta ranar Litinin ɗin.

Ya ɗauki katin ya duba, ya gyaɗa kai a hankali. Ya tattara wasiƙarsa da fasfo da tikiti. Sannan ya ɗauki katin Ejan ma ya haɗa, ya sa su biyun a aljihu ɗaya.

"Na gode, Sista," ya ce, ya fita.

Duk duniya Sista take kirana a ɗakin nan, amma shi bai taɓa ba sai ranar.

Na koma gida na tarar Goggo, ƙanwar Baba, ta riga ta tare da jakarta, wai ta zo taya Mama shirin baƙi. Ta sa an fito da kofunan da ba a taɓawa, an wanke labulen falo. Ko zama ban yi ba ta fara. Wai mace ta kusa talatin tana zaɓe kamar mai sayen atamfa. Wai soyayya ba ta biyan kuɗin makarantar yara. Wai ita da ta ga motar yaron nan sai da ta yi wa iyayensa addu'a.

Na ce to, Goggo. Duk abin da ta faɗa na ce to, har ta gaji ta ce ni dai kunnen ƙashi gare ni tun ina zanen goyo.

Mama ba ta sa baki ba. Sai da na shiga ɗaki ta biyo ni da abinci, ta zauna bakin gado ta ce ta san ina son yaron nan, ita ma ba ta ƙi shi ba, amma ta gaji da zama tsakanina da Baba. In akwai takarda a kawo, in babu in yi haƙuri in rufa mata asiri. Ban gaya mata akwai takarda ba, don ban san ko har yanzu akwai ɗin ba.

Talata na kira wayarsa a kashe. Bai zo wurin Baba da wasiƙa ba. Laraba ma a kashe.

Larabar da yamma Ejan ya zo, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga min murya ba. Wannan ma yana cikin abin da yake gajiyar da ni, don duk wanda na gaya wa ba na son sa sai ya tambaye ni laifinsa.

Ranar dai na samu laifin. Na tambaye shi kai tsaye ko shi ya ba Injiniya katin bogi.

Ko gezau bai yi ba. Ya yi dariya ya ce bogi kalma ce mai nauyi, shi taimako ya yi. Mutum yana sauri, ga layi, ga kwana goma, ai sai a sauƙaƙa masa. Ya ce da mugun nufi gare shi da ya bar shi ya rasa jirgin. Na ce ya san ana mutuwa a inda ya tura shi? Ya ce rai a hannun Allah yake, kuma shi takarda yake sayarwa, ba magani ba.

Sai ya ƙara da abin da ya ɗauka zai burge ni.

"Ko su Baba da Mama ai ni na hutar da su. Tsofaffi, a ce su je su zauna a benci? Har gida na kawo musu nasu."

Lokacin tafiyarsu ina can wani kwas na wata guda, da na dawo suka ce min an yi musu komai. Na bar shi a falo na wuce ɗakin Mama, na ce ta buɗe akwati. Ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta ciro katunan biyu daga cikin jakar fasfo. Lambar kwalba ɗaya ce da ta katin Injiniya, hatimi ɗaya, rubutu ɗaya.

Mama ta sunkuyar da kai ta ce sun ɓoye min ne don sun san halina.

Iyayena, ni da nake yi wa baƙi allura daga safe har yamma. Na zauna a ƙasa na rasa ma wanda zan yi wa fushi.

Alhamis na je aiki kamar kullum. Maman 'Yan Biyu ta dube ni ta ce in koma gida, idona kamar na wadda ta kwana yankan albasa. Na ce in na koma gida Goggo ce, gara layi.

Asibitinmu ba shi da nisa da filin jirgi, mun saba da ƙara har ba ma ji. Ranar kuwa kowane jirgi sai da ya bi ta cikin ƙirjina. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna wani ya tashi, tagogi suka yi rawa. Na tsaya da auduga a hannu, wata mata tana jira da damtse a buɗe.

In yana ciki, ya tafi da katin ƙarya da jikin da bai shirya ba, kuma wataƙila Baba ya yarda. In ba ya ciki, yana da rai da lafiya, gobe kuma a ba da ni ga wani. Na buɗe baki in yi addu'a na rasa wacce zan roƙa. Matar ta ce Sista lafiya? Na ce lafiya lau, ta kawo hannun.

Baba bai dawo gida ba sai dab da magariba, abin da ba ya yi. Ya zauna a kujerarsa ta ƙofar falo bai nemi shayi ba, bai kunna rediyo ba. Na ɗauko katin da Ejan ya yi masa, na durƙusa a gabansa na ajiye.

Na gaya masa komai, tun daga wasiƙar har zuwa abin da na rubuta. Ban taɓa yi wa Baba doguwar magana irin ta ranar ba.

"Baba, na san abin da zan rasa lokacin da na rubuta. Ban yi don in ɓata maka rai ba. In ka ce in haƙura da shi, zan haƙura, na ma riga na gaji. Amma kada ka ce in zauna da mutumin da ya sa ka a jirgi kai da Mama da takardar banza, yana kallon idonku yana karɓar albarka."

Goggo ta leƙo daga ɗaki tana salati, wai yau 'ya take yi wa uba wa'azi.

Baba ya juya katin a hannunsa, gaba da baya. Na ɗauka zai yi faɗa, da ma ya yi, da na samu sauƙi.

"Mun je mun dawo," ya ce. "Me ya same mu?"

"Allah ne ya tsare, Baba."

"To Shi zai ci gaba da tsarewa. Tashi ki shiga ciki."

Na tashi na shiga. Na ji Goggo tana tambayarsa kujeru nawa za a aro gobe, ya ce ta aro yadda ta ga dama.

Safiyar Juma'a na fita tun kafin kowa ya tashi shirin baƙi. Ban yi sallama da kowa ba. Na tsaya a hanya na daɗe a tashar mota ina barin motoci suna wucewa, don ban ga abin da nake sauri in tarar ba. Da na iso har layi ya cika benci biyu. Na wuce kaina a ƙasa, na sa farar riga, na duba sanyin firji na rubuta, na ce na farko ya shigo.

Na ga mutum shida. Na ce na gaba.

Takalmin na fara ganewa, sannan sandar. Baba ne, da hularsa ta zuwa unguwa, riƙe da 'yar takardar lamba bakwai da mai gadi yake rabawa. Ashe yana kan benci tun ɗazu, na wuce ta gabansa ban gan shi ba.

Na miƙe zan durƙusa, ya ce in zauna, nan ofishina ne. Ya zauna a kujerar marasa lafiya ya ajiye katinsa na wurin Ejan a kan tebur, ya ce an ce nan ake gyara irin wannan.

Na ce masa wanda ya haura sittin sai likita ya duba shi tukuna kafin a yanke ko za a yi masa. Ya ce to a rubuta shi a layin likitan, ba ya son alfarma. Na jawo takarda ina rubutu, shi kuma yana kallon hatimin da ke gefen hannuna.

"Shekara talatin da biyar ina buga irin wannan a gidan waya," ya ce. "An roƙe ni, an zage ni, an kai ƙarata. Ban taɓa juya shi baya ko da kwana ɗaya ba."

Na ce na sani, Baba, ka sha gaya mana.

"Jiya bayan la'asar yaron nan mai firji ya same ni a inda muke zama."

Biron ya faɗi daga hannuna.

Baba bai dube ni ba, ya ci gaba yana magana da teburin. Ya ce Injiniya ya zo da akwatinsa, daga filin jirgi yake. Ya durƙusa ya ajiye kati biyu a gabansa, ya ce wannan zai kai shi aiki, wannan kuma 'yarka ce ta rubuta. Ya ce har gaban teburin masu duba takardu ya kai da su biyun a aljihu, aka ce ya kawo kati, hannunsa ya ƙi ciro na farkon. Ya ce ya zo ne ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da takardar da aka nema, kada a ji a wurin wani.

Na kifa kaina a kan rajista. Kukan da na yi wata guda ina riƙewa ya zo gaba ɗaya, ban iya tare shi ba. Yana nan. Bai tafi ba. Aikin kuma ya tafi, ni na kore shi da hannuna.

Baba ya bar ni na yi mai isata. Da na ɗago ya riga ya miƙe yana gyara hula.

"Kada ki ɗauka na ce na ba shi. Har yanzu mutumin jaka ne a kafaɗa, jiya ma ya ƙara tabbatarwa. Su kuma waɗancan na ce su zo, za su zo, sai na ji abin da ɗansu zai ce a kan wannan takarda a gaban ubansa."

Na ce to, Baba.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo rabi.

"Uwata."

Rabon da ya kira ni da sunan nan tun kafin a fara maganar Ejan.

"Firjin gida ba ya sanyi. Ki gaya wa mai gyaran nan ya zo ya duba shi yau. Bayan la'asar. Ya shigo ta falo."

Ya fita yana dogara sandarsa, ya nufi layin likita.

Da safen nan na sha ruwa daga firjin gidanmu, sanyinsa har haƙori. Na share fuskata da bayan hannu, na leƙa na ce wa na takwas ya ɗan yi min haƙuri, na ɗauko waya na kira Injiniya. Wannan karon ta shiga.